Gonar gado: a fayyace rabon kowa ko da ba za a tsaga ƙasar ba

Rigimar gonar gado ba kasafai take fitowa daga lissafi ba. Lissafin a fili yake cikin Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176, kuma babu gari a ƙasar Katsina ko Daura da za a rasa malamin da zai fitar da shi a zama ɗaya. Inda ake samun tangarɗa shi ne abubuwan da mai gida ya sani a ransa amma bai taɓa faɗa a gaban shaidu ba: wace gona ce tasa ta kansa, wacce ce ta matarsa, wacce aka ba shi aro, wacce ya jinginar a shekarar da abinci ya yi wuya, kuma shanun huɗar nan nasa ne ko na ɗansa da ya yi kiwonsu. Ranar da ya kwanta dama, duk wannan sani ya tafi da shi, sai kowa ya kawo nasa labarin.

A da, tsarin gandu shi ke ɗaukar nauyin miƙa gona daga uba zuwa 'ya'ya. Samari da magidantan 'ya'ya suna aikin gandu daga safe zuwa azahar, da yamma ko ranar Juma'a kowa ya nufi gayaunarsa. Uba shi ke ciyar da gida daga rumbun gandu, shi ke sayen fartanya da garma, shi ke biyan haraji kafin gwamnatin Balarabe Musa ta soke shi a tsohuwar Jihar Kaduna, kuma shi ke yi wa ɗa auren fari. Kafin ya tsufa, babban ɗa ya riga ya san kowane lungu na gonar. Yau gandu ya yi rauni. Ɗaya yana Abuja yana aiki, ɗaya yana Legas yana ci-rani, ɗaya yana makaranta, sai guda ɗaya ko biyu a gida da fartanya a kafaɗa. Abin da gandu ke yi a hankali cikin shekaru, yanzu sai an zauna an yi shi da gangan.

Aikin farko na mai gida tun yana da ƙarfinsa shi ne zagayen gonaki. Ya zaɓi lokacin rani bayan an kwashe kara, sa'ad da iyaka ke bayyana, ya ɗauki 'ya'yansa maza da suka samu zuwa, da maƙwabcin gona na kowace kusurwa, da mai unguwa ko wakilin dagaci. A bi iyaka da ƙafa. Kowace gona a rubuta sunanta da aka san ta da shi, da maƙwabtanta gabas da yamma da kudu da arewa, da yadda ta shigo hannu: gado ce, saye ne, kyauta ce, ko sassabe ne da izinin mai gari. A rubuta itatuwan da ke cikinta, gawo nawa, ɗorawa nawa, kuka da tsamiya da kanya, domin a wasu gidajen ƙasa ta wani ce, ɗorawar da ke tsakiyarta kuma ta wata gwaggo ce da aka bar mata a rabon da ya gabata. Idan akwai burtali ko turba a gefe, a nuna inda ya tsaya. Cin burtali da garma kunya ɗaya duk shekara shi ne mafarin faɗan da 'ya'ya za su gada da makiyaya ba tare da sun san asalinsa ba.

Alamar iyaka kuma a sabunta ta. Gamba na da kyau amma wuta da dabbobi da masu yankan zana suna cinye ta. Dashi da bini-da-zugu sun fi daɗewa tunda ana dasa reshensu ya kama. Kusurwoyi huɗu dai su samu abin da ba ya motsi, ko dai itace mai rai ko dutsen siminti da aka binne rabinsa. Girman gona kuma a auna shi, a daina cewa "gonar dami arba'in ce", don dami yana bin damina ne. Hekta ɗaya mita 100 ce sau mita 100, wato kusan eka biyu da rabi. Malamin gona na KTARDA, hukumar bunƙasa noma ta Jihar Katsina, ko wani yaro mai wayar da ke auna fili zai iya zagayawa ya fitar da adadi mai kusa da daidai. Gonar da ke bakin gari, irin na kewayen Batagarawa ko hanyar Dutsin-Ma ko gefen sabbin makarantun Daura, ita kam a kira safiyo, domin ta daina zama gona a idon masu saye, ta koma filotai. Hekta ɗaya tana ɗaukar fuloti 21 na ƙafa 50 sau 100 kafin a cire hanyoyi, kuma wannan lissafin ne ke cikin kan wasu magadan tun kafin a yi sadakar uku.

Sai maganar abin da ba na mai gida ba ne. Matar da ta gaji gona a gidan ubanta ta bar wa mijinta yana nomawa shekara da shekaru, gonarta ce, ba ta shiga rabo. Gonar marayun ɗan'uwa da yake riƙo ba tasa ba ce. Gonar aro a mayar ko a sabunta aron a gaban shaidu. Haka kuma wadda shi ya bayar aro. A fiƙihun Malikiyya da kotunan shari'a ke aiki da shi akwai hukuncin hauzi: wanda ya riƙe ƙasa shekara goma yana sarrafa ta kamar tasa, mai ita yana nan yana gani bai yi magana ba kuma babu abin da ya hana shi, to ƙararsa ba ta da ƙarfi bayan haka. Tsakanin dangi wa'adin ya fi tsawo, ana kai shi shekara arba'in. Aro da jingina da riƙo ba sa zama mallaka ta wannan hanyar, amma sai an tabbatar da cewa aro ne. Idan shaidun sun mutu kuma babu takarda, magada za su tsaya gaban alƙali hannu rabbana. Shi ya sa dattawa ke karɓar ko da dami ɗaya duk kaka daga mai aro, ba don damin ba, don a riƙa tuna mai gona. Wannan ya fi shafar mutanen Batsari da Safana da Jibiya da Ɗanmusa da sauran wuraren da rashin tsaro ya sa aka bar gonaki shekaru, iyaka ta shafe, maƙwabta suka watse. Duk wanda ke da gona a can, ya rubuta bayaninta yanzu tun dattawan da suka san ta suna raye.

Jingina bashi ce. Kafin a raba komai sai an fitar da kuɗin jana'iza da bashi, har da sauran sadakin da ba a biya ba da kuɗin fansar gonar da aka jinginar, sannan wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba. Abin da ya rage shi ne gado.

Mu ɗauki misali. Mutum ya rasu ya bar gona hekta 6, da mata biyu, da mahaifiya, da 'ya'ya maza uku da mata huɗu. Matan biyu suna tarayya a tumuni, wato hekta 0.75, kowacce 0.375. Mahaifiya tana da sudusi, hekta ɗaya cur. Saura hekta 4.25 a kasa ta goma, tunda kowane namiji kashi biyu ne, mace kashi ɗaya. Kowane ɗa ya tashi da hekta 0.85, kowace 'ya 0.425. Gidan da jiya ake kira gidan babban manomi, yau babu mai hekta guda cikin 'ya'yansa. Idan shi ma mai 0.85 ya bar iyali kamar na ubansa, jikoki za su raba abin da bai kai filin masussuka ba.

Yanzu a duba yadda tsagawar take a ƙasa. A ce gonar mita 300 ce sau 200, aka yanka ta tsaye domin kowa ya samu bakin hanya. Rabon 'ya mace zai zama ɗan siririn fili mai faɗin mita 21, na matar aure bai kai mita 19 ba. Magada goma na nufin sabbin iyakoki tara, kuma idan kowace iyaka ta ci mita ɗaya, an yi asarar murabba'in mita 1,800, kusan rabin rabon mata ɗaya, ya tafi a ciyawa. Mai tarakta ba zai so shiga irin wannan ba. Idan kuma tsagin ya bi gangare, dole kunya ta bi gangaren ita ma, ruwan Agusta ya samu hanya, cikin 'yan shekaru kwazazzabo ya buɗe. Mai feshin maganin ciyawa a nasa gefen zai ƙone waken ƙanwarsa, wanda bai cire ƙuduji ba zai watsa wa kowa irinsa.

Ga kuma wani abin da masu igiyar awo ke mantawa: hekta ba ta daidai da hekta. Gefen da ke kusa da gida wanda ya sha takin mangala shekara ashirin ba ɗaya yake da jigawar can ƙarshe da ƙuduji ya mamaye ba, balle fako, balle fadamar da ake yin albasa da tumatir da rani. Rabo na adalci da ƙima ake yin sa. A samu mutum biyu ko uku da suka san farashin gona a yankin kuma ba su da rabo a ciki, su yi wa kowane yanki kuɗi, a daidaita kaso, sannan ko dai a yi yarjejeniya ko a jefa ƙuri'a. Wanda ya samu mafi kyau ya cika wa ɗan'uwansa da kuɗi idan sun yarda.

Ganin wannan ɓarnar ne ke sa wasu gidaje su ce kada a raba, a bar wa babban yaya ya ci gaba da riƙewa kamar yadda Baba ya bari. A ganina wannan ya fi tsagawar muni, duk da cewa da kyakkyawar niyya ake fara shi. Shekara biyar na farko lafiya lau. Daga nan mahaifiyar mamacin ta rasu, sudusinta ya koma ga nata magadan, baffanni da gwaggonni sun shigo. Wata 'ya ta rasu ta bar 'ya'ya, mijinta ya gaji rubu'in rabonta, ga bare a cikin gona. Gado ya hau kan gado, lissafin da mutum goma za su gama a zaure ya koma na mutum arba'in a kotu. Mata kuwa su ne ke kwana a ciki. Ana ce wa mace "gonarki na nan, Yaya na duba miki", a kai mata dami biyu da kaka, kunya ta hana ta tambaya, har ta mutu ba ta san iyakar abinta ba. 'Ya'yanta ba za su ji wannan kunyar ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma dillalan filaye sun san gidan da bangonsa ya tsage.

Hanyar da ta fi ita ce a raba haƙƙi a bar ƙasa a haɗe. A zauna da malami ko a je kotun shari'a a fitar da rabon kowa, a rubuta, kowa ya sa hannu, dagaci ya shaida, kowane ɗaki ya riƙe kwafi. Sannan a yi magana ta biyu daban: wa zai noma, kuma me zai biya. A misalinmu, gonar kaso 240 ce: kowace mata 15, mahaifiya 40, kowane ɗa 34, kowace 'ya 17. Idan aka yanke hayar shekara a kan naira 240,000, misali, kowa ya san nasa ba sai an yi gardama ba, 'ya mace 17,000, ɗa namiji 34,000. Wanda ke nomawa ya cire nasa kason ya biya sauran. A yanke hayar da kuɗi, domin sanannen hukuncin Malikiyya shi ne ba a hayar ƙasa da abinci ko da abin da take fitarwa. Wadda ta fi son gero ta karɓi kuɗinta ta auna a kasuwa. A sa ranar biya, a ce ƙarshen Disamba bayan an sayar da wake da riɗi, kuma a riƙa duba farashin duk shekara biyu, don kuɗin da ya yi daidai bana zai zama abin dariya baɗi waccan.

Wa'adin hayar kada ya gaza shekara uku, biyar ta fi. Takin gida yana aiki a ƙasa shekara biyu zuwa uku, kuma babu mai hankalin da zai kwashe bayan gidansa da turken dabbobinsa ya zuba a gonar da za a iya karɓewa baɗi. Mai wa'adin shekara ɗaya yuriya kawai zai watsa ya kwashi abin da ya samu ya bar ƙasa a gajiye. A rubuta kuma abin da zai faru idan mai hayar ya haƙa rijiyar ban-ruwa ko ya dasa mangwaro: nasa ne a biya shi, ko na kowa ne a cire daga haya. A hana sare gawo. Itacen nan yana zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ƙarƙashinsa ya fi ko'ina albarka, 'ya'yansa kuma abincin tumaki ne da rani, amma shi ne abu na farko da magajin da ke neman kuɗin gaggawa ke kira wa masu gatari.

Wanda ya ce shi dai kuɗi yake so, ba a hana shi. 'Yan'uwa su saya a kan ƙimar da masu kimantawa suka yanke, ba farashin zumunci da ake danne mace da shi ba, ko da za a biya a kaka biyu ko uku. Muddin ba a tsaga gonar ba, abokan tarayya suna da haƙƙin shuf'a: idan ɗaya ya sayar wa bare, suna iya biyan kuɗin da baren ya biya su karɓe. Amma haƙƙin yana faɗuwa idan sun ji sun yi shiru har lokaci ya ja, kuma da zarar an tsaga an kafa iyaka babu shi, maƙwabtaka kaɗai ba ta ba da shi a Malikiyya.

Akwai abubuwan da uba ne kaɗai zai iya gyarawa, kuma sai yana da rai da lafiya. Ɗan da ya zauna a gida ya yi shekara ashirin yana noma gandu, rabonsa a gado daidai yake da na wanda ke birni bai taɓa riƙe sungumi ba. Shari'a ba ta ƙara masa don gumi, kuma ba a yi wa magaji wasiyya sai in sauran sun amince. Idan uba yana ganin ɗan nan ya cancanci wani abu, ya biya shi tun yanzu: ya yanka masa kaso na amfanin gona duk shekara a matsayin ladan aikinsa, ko ya bayyana a gaban 'yan'uwansa cewa shanun huɗa da amalanke nasa ne. Idan kyautar gona zai yi, ya tuna hadisin Nu'umanu ɗan Bashir a kan daidaita 'ya'ya wajen kyauta, ya kuma san cewa kyauta ba ta cika sai da hauzi. Wato wanda aka ba ya karɓa ya shiga ya noma da sunansa tun mai bayarwa yana da lafiya. Uban da ya ce "na ba ka gonar fadama" amma ya ci gaba da nomanta yana zuba amfanin a rumbunsa har ya rasu, kyautar ta koma gado. Wadda aka yi a ciwon ajali kuma hukuncin wasiyya take ɗauka. Yaro ƙarami ne kawai uba ke riƙe wa, shi ma da shaidu.

Jikokin da ubansu ya riga kakansu rasuwa ba su da gado idan akwai baffansu a raye. Sau da yawa su ne ma suka taso a gonar. Kaka yana da damar yi musu wasiyya har zuwa sulusi tunda ba magada ba ne, ko ya ba su kyauta su karɓa yana raye. Idan bai yi ba, sai abin da baffanni suka ga dama.

Ƙasa ba ita kaɗai ake miƙawa ba. Yaro ɗan shekara goma sha biyar a yanka masa gayauna, ko da rubu'in hekta, a bar shi ya zaɓi abin da zai shuka, ya sayar da kansa, ya ga riba ko faɗuwa. Bayan 'yan shekaru a sa shi cikin lissafin gandu: ya san cewa hektar gero tana son kamar buhu huɗu na NPK da buhu ɗaya da 'yan kai na yuriya idan za a bi shawarar malaman gona, masara a ƙasar Funtuwa da Bakori kuma ninkin haka, ya san kuɗin huɗa da na noman firi da maimai, ya san dami nawa gida ke ci kafin sabon gero. A nuna masa inda ruwa ke kwanciya, inda ake yin binne a jira ruwan farko da inda binne ke ruɓewa, da yadda ake zaɓen zangarniyar iri tun a gona kafin girbi a ɗaure ta daban. Mataki na ƙarshe, wanda iyaye da yawa ba sa iya yi, shi ne sakin mabuɗin rumbu da yanke shawarar sayarwa. Mutum ɗan shekara arba'in da bai taɓa yanke ranar da za a kai buhu kasuwar Mai'aduwa ko Mashi ba, ranar da ya gaji gona zai sayar da komai da kaka a farashi mafi arha, ya dawo yana awo a watan Yuli.

Game da takarda, Dokar Filaye ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna, filin noma na karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da shaidar riƙe shi. Takardar dagaci da ta kotu hujja ce mai ƙarfi a kan yadda gona ta zo hannu, amma gonar da gari ya kusa cimmawa ta cancanci a yi mata takardar hukuma da sunan masu ita na yanzu, ba da sunan kakan da ya rasu ba. Idan gwamnati ta karɓi fili don aiki, diyyar tana bin abin da ke kansa ne, amfanin gona da itatuwa da gini, wanda shi ma dalili ne na ƙirga itatuwa.

Lokacin rabo shi ma yana da tasiri. Idan rasuwa ta zo da damina, a bar amfanin da ke tsaye ya nuna, a girbe, a fitar da zakka, ushuri ga na ruwan sama, rabinsa ga na ban-ruwa da inji, a mayar wa wanda ya kashe kuɗinsa wajen ƙarasa aikin, sauran ya shiga gado. Idan akwai mai juna biyu cikin matan, a jira ta haihu. Rabon marayu ƙanana a rubuta shi da sunansu, a naɗa mai riƙo da zai riƙa nuna lissafin hayarsu duk shekara ga wani ban da shi. Aikin igiya da kafa iyaka kuwa a yi shi tsakanin Disamba da Fabrairu, kafin kowa ya fara kai taki da sharar gona, domin wanda ya riga ya zuba amalanke talatin a wani gefe ba zai yarda ƙuri'a ta ba wani wannan gefen ba.